Toka a Kan Baƙin Fenti

Duk wanda ya ce mini zai sayi baƙar mota, har yau sai in ce masa ya zauna tukuna, ya sha ruwa, in ba shi labari. Ba sa ji. Ni ma da aka gaya mini ban ji ba.

Tawa ta iso Samaru a ƙarshen damina, a shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa, muna tsayawa ƙarƙashin lema a bakin titi muna buga waya. Ta Kwatano ce, amma a lokacin sabuwa muke ce wa irinta, kuma wannan ta ci sunanta, don ko ƙwarzane ɗaya babu a jikinta. Direban da ya kawo ta ya tsaya a ƙofar gidanmu da yamma, na fito da gudu ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba, na ga fuskata a jikin ƙofar, har ɗan kunnena ina gani. Maigidana ya zagaya ta sau biyu, hannu a baya, sannan ya dube ni.

"Baƙa kika zaɓa? Ke da kike faɗa da ƙuda in ya sauka a kan tebur? To, Allah ya ba mu haƙuri, mu mutanen gidan nan."

Na ce ya yi mini shiru in ji daɗin ranata.

Ni malamar sakandare ce, makarantar kuma ba ta da nisa da gida, da ƙafa nake zuwa shekara da shekaru ban mutu ba. Don Mama na sayi motar. Mama tana Bomo, a gidan da aka haife mu, ita kaɗai tun rasuwar Baba, ta ƙi dawowa wurina don ba za ta bar gonarta da kajinta ba. Cocinmu kuwa a Samaru yake. Tun ina ƙarama da ƙafa take zuwa kowace Lahadi, kuma ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce Lahadin godiya, wadda ake yi bayan an fara girbi, kowa ya kawo abin da gonarsa ta ba shi a ajiye gaban bagaden coci. Ma'aikatan jami'a su zo a mota, a buɗe but, a sauke buhuna ana tafi. Mama kuwa ta iso da kwandon masara a ka, ta zagaya bayan coci wajen famfo, ta wanke ƙafafunta, sannan ta karɓi takalminta daga hannuna ta sa. Ni ce mai riƙe takalmin. Na riƙe shi ina kallon motocin mutane har na girma, ita kuma gwiwoyinta suka fara ciwo. Babur ba ta hawa, tsoronsa take kamar me.

Washegarin zuwan motar na tuƙa ta zuwa Bomo. Mama ta fito tana goge hannu da bakin zani, ta tsaya nesa kaɗan, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na buɗe mata ƙofar gaba, na ce ta shiga mu zaga gari. Ta girgiza kai.

"A'a, Malama." Haka take kirana tun da na fara koyarwa, rabi tsokana rabi alfahari. "Ba yau ba. Saura mako biyar godiya. Ranar zan shiga, ni da masarata, mu je gaban Ubangiji tare, fasto ya sa mata albarka. Ke dai ki riƙe mini ita haka, yadda na gan ta yau."

Na ce, "Mama, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Kwana uku kacal na yi kafin in fara ɓata ta da hannuna. Ranar Asabar da hantsi na jawo bokiti, na zuba garin sabulun wanki, na ɗauko tsohon tawul, na wanke ta tsaf a tsakiyar rana ina waƙa. Da ta bushe na ja da baya in yaba aikina, sai na ga wasu siraran zane-zane sun lulluɓe bonet, zagaye-zagaye kamar saƙar gizo. Na matsa, suka ɓace. Na ja baya, rana ta haska, suka dawo. Kai, ranar ko abincin rana ban ci ba.

Wani malami abokin aikina ya kwatanta mini garejin wani mai fenti a Chikaji. Mutumin kudu ne, ya haura shekara ashirin a Sabon Gari, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinsa. Oga kowa yake ce masa, ni ma haka na kira shi. Ya zagaya motar yana sunkuyawa yana kallon fentin ta gefe, sannan ya miƙe ya dafe ƙugu.

"Madam, wa ya wanke wannan mota?"

"Ni."

"Da me?"

Na gaya masa. Ya rufe ido kamar na faɗa masa rasuwa.

"Baƙin fenti ba ya rufa asiri, Madam. Fari, ka yi abin da ka ga dama, ba wanda zai sani. Baƙi, ko da yatsa ka shafa shi, gobe rana za ta gaya wa duniya."

Ya shafa mata folish da wani inji mai juyawa, zanen ya tafi, sannan ya zaunar da ni a kan benci ya karanta mini dokoki kamar ni ce ɗalibar. Ba a wanke ta a rana, sai da sassafe ko a inuwa. Ba a sa mata sabulun kaya, akwai nata a kwalba. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye tsumma, don yashin da tsumman ya ɗebo kada ya koma jikinta. A fara daga sama a gangaro. Ba a taɓa goge ta a bushe, ko da ƙura ɗaya ce. Kada in ajiye ta ƙarƙashin itace. Kashin tsuntsu kuwa, ya ce, shi ne babban maƙiyi, yana cin fenti kamar ruwan batir. In ya faɗo, a jiƙa tsumma mai laushi a ɗora a kai, a jira ya jiƙu, a ɗauke a hankali. Ba a kankarewa, ba a darzawa. Ya maimaita wannan sau uku, yana buga benci da yatsa.

Na dawo gida da kwalbar sabulu, da tsumma mai laushi guda uku, da rigar mota mai ruwan toka. Daga ranar zaman lafiya ya ƙare a gidanmu.

Gidan haya muke, mu huɗu a fili ɗaya, kuma mai gidan yana da awaki. Ban taɓa sanin akuya tana da ra'ayi a kan mota ba sai lokacin. Ga tsohuwar motar maƙwabcinmu nan ta shekara biyu a kan duwatsu, ba sa kallonta. Tawa suke so. Da asuba sai in ji ƙwas ƙwas ƙwas a kan bonet, in fito da tsintsiya ina ihu, su diro suna kallona kamar ni ce na shigo musu gida. Na sa aka kafa mini shinge na kara, suka cinye karan.

Wata rana na dawo daga makaranta na tarar da faranti biyu na barkono a kan but. Matar maƙwabcinmu ce ta shanya. Na kira ta, na ce, "Maman yara, wannan fa?" Ta ce ai ta lura baƙin ƙarfe ya fi ɗaukar zafi, rabin yini barkonon ya bushe. Ta faɗa mini haka tana murmushi, wai yabon motar take yi! Abin da na gaya mata ba zan rubuta shi ba. Mako biyu ba ta gaishe ni ba, ni ma ban nemi gaisuwarta ba.

A makaranta, inuwa ɗaya ce, ta itacen dogon yaro, kuma Oga ya hana ni. Sai in ajiye ta a fili in sa mata riga, in shiga aji ina koyarwa ido ɗaya a allo ɗaya a taga. Ɗalibai suka gano ni. Da zarar darasi ya yi musu tsawo sai wani ya ce, "Malama, kamar an jingina da motarki," in fita da gudu, in dawo in same su suna dariya ƙasa-ƙasa. A Samaru kuma ɗaliban jami'a ba sa ganin mota mai sheƙi su wuce. Sai an jingina, an ɗora gwiwar hannu, an kira mai hoto. Na taɓa korar wata budurwa mai bel na ƙarfe daga jikin ƙofata, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Turanci wai in kwantar da hankalina, mota ce kawai. Mota ce kawai! Da ba a bakin titi muke ba da ta gane kurenta.

Kasuwar Sabon Gari kuwa sau ɗaya na shiga da ita na tuba. 'Yan baro ta dama, 'yan acaba ta hagu, masu ɗauke da katako a ka suna juyawa ba sa duba baya. Na sauke gilashi ina ta "Kai! Kai! A hankali mana!" har muryata ta dushe, wani mai baro ya ce, "Hajiya, in ƙwai ce ki bar ta a gida." Daga ranar a bakin tasha nake barinta, in sa mata riga, in shiga kasuwa da ƙafa, in fito da kaya niƙi-niƙi a hannu. Maigidana ya ce bai taɓa ganin wanda ya sayi mota ya ƙara yawan tafiyar ƙasa ba sai ni.

Har a coci ban bar mutane sun huta ba. Matan zumunta suka fito bayan sujada za su kewaye ta da waƙa, kowace da zobe da awarwaro, hannuwa a miƙe. Na sha gabansu ina dariyar dole, na ce a bari sai ranar godiya. Da na koma gida maigidana ya ce, "Ranar godiyar ma safar hannu za ki raba musu?" Gaskiya kuwa na yi tunanin hakan.

Duk wannan Mama tana ji. Bomo da Samaru ba nisa, labari ba ya kwana. In na je gaishe ta sai ta ce, "An ce kin yi faɗa da mai barkono." In ce, "Mama, ke kika ce in riƙe miki ita." Ta yi dariya ta ce, "Haka ne, ni na ce."

Na kai mako biyar ɗin nan ba tare da ƙwarzane ɗaya ba. Ina so a rubuta mini wannan. Na rame, na yi faɗa da rabin unguwa, amma na kai.

Ranar Asabar, jajibirin godiya, na wanke ta da asuba, na wanke rigarta ma na shanya a igiya don komai ya zama fes. Wajen sha ɗaya na tafi Bomo in kai wa Mama sabon zanin da na ɗinka mata, mu kuma shirya lokacin da zan zo ɗaukarta. Ban tuna rigar tana kan igiya ba sai da na isa. Lungun gidanmu ƙunci gare shi, ranar kuma amalanken shanu sai wucewa suke da karan dawa yana leƙowa ta kowane gefe. In na bar ta a lungu, kara zai zane ta. Wuri ɗaya ya rage, gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Na ɗaga kai na duba rassan da kyau, ban ga tsuntsu ko ɗaya ba. Na ce ai minti talatin ne.

Mama ta karɓi zanin, ta yaba, sannan ta ce gwaggona, ƙanwar Baba, tana kwance ba lafiya a can ƙarshen gari, ba zai yi kyau in zo in koma ban duba ta ba. Na tafi da ƙafa. Gwaggo kuwa ba a gaishe ta a tsaye. Sai da aka dama mini kunu, sai da na ji tarihin ciwon tun daga farkonsa, sai da aka yi addu'a. Ban fito ba sai wajen ƙarfe biyu.

Tun daga nesa na hango mutane a gindin tsamiya, mata uku da yara, da balbelu fari fat a saman itacen, sun dawo daga kiwo. Na ɗaga ƙafa.

Mama tana tsaye a gaban motar, zaninta ya jiƙe har gwiwa, tana haki, fuskarta cike da murna. A ƙasa ga bokiti, ga turmi a kife kusa da ƙofar baya, ga kaskon toka, ga soso.

Dole in faɗi wani abu game da Mama da toka. A Bomo kaf ba wanda ya kai ta wanke tukunya. Toka take haɗawa da lallausan yashin rafi, ta sa soso ta darje gindin tukunyar da ta shekara a kan murhu har sai ka ga fuskarka a ciki. In ana biki tukwanenta ake arowa don a yi fariya da su. A wurinta duk abin da ya ƙi fita da ruwa, toka ce maganinsa, kuma toka ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Malama, kin ga aikin tsuntsayen nan?" in ji ta. "Kina tafiya suka sauko. Kafin in lura rana ta busar da shi, ya kama kamar siminti. Na ce yarinyar nan in ta dawo ta gani, ranta zai ɓaci. Na sa ruwa ya ƙi. Amma dubi yanzu, ko ɗigo babu."

Bonet ɗin yana jiƙe, yana sheƙi. Na tsaya ina kallo, ina roƙon Allah a zuciyata. Iska ta busa, ruwan ya fara janyewa daga gefe, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: manyan da'irori masu ruwan toka, dishi-dishi, kowace kamar faɗin faranti. A bonet, a kan but, har a rufi.

Ban san lokacin da na fara ihu ba.

"Wayyo Allah! Mama! Me kika yi? Wa ya sa ki? Wa ya aike ki? Tukunyarki ce? Mako biyar! Mako biyar ina fama da awaki da mutane, ban bar kowa ya taɓa ta ba, ke kika zo da toka kika kashe ta a awa ɗaya! Abin da ba ki sani ba, ba sai ki bari ba?"

Wata maƙwabciya ta ce, "Haba Malama, mahaifiyarki ce fa." Na ce ta fita daga maganar. Mama ta dubi bonet ɗin, ta ga abin da nake gani, murnar ta bar fuskarta. Ta miƙa hannu za ta shafa wurin, wataƙila tana zaton tokar ce ba ta ɗauraye ba. Na buge hannun. Eh, na buge shi, a gaban mutane. Na ce, "Kada ki ƙara sa mini hannunki a mota. Kada ki ƙara."

Mama ta dubi hannunta, ta mayar da shi baya. Ta ce, "To." Ta sunkuya ta ɗauki kaskonta da sosonta ta shige gida. Ni kuma na duba ƙofar baya in ga ko turmin ya goge ta, na ture shi gefe da ƙafa, na shiga na tayar.

Kuka nake ina tuƙi har Chikaji, kuma ba don Mama nake kukan ba, don fenti nake yi. Oga yana shirin rufewa da wuri saboda gobe Lahadi. Da ya ga motar ya riƙe baki. Ya lashi yatsa ya shafa da'ira ɗaya, ya kalle ta ta gefe, ya ce an ci sa'a, saman fentin ne ya ci, bai kai ƙasa ba. Ya tuɓe rigarsa ya jawo inji. Awa uku ya yi yana bi da wani farin man gogewa, sannan folish, ni ina zaune a benci ina cika ina batsewa, ina ba shi labarin abin da aka yi mini. Yana ta aikinsa har ya zo kan rufi. Ya hau kujera, ya tsaya yana kallo.

"Madam, mamanka dogo ne?"

Na ce a'a, ko kafaɗata ba ta kai ba.

"To yaya ya kai nan? Har tsakiya ya wanke. Kuma duba, inda kashi yake kawai ya bi, ɗaya ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba."

Sai lokacin turmin ya dawo mini. Matar da ba ta iya hawa dakalin coci sai an riƙe ta, ita ce ta mirgino turmi, ta kife shi, ta hau, da bokiti da kasko, a tsakiyar rana. Na gan shi da idona, abin da kawai na duba shi ne ko ya taɓa ƙofa. Oga ya ci gaba da aikinsa, kafin magariba motar ta dawo yadda take ranar da aka kawo ta, ko alama babu.

Na so in wuce Bomo a lokacin, amma na ce wa kaina bari ta huce, gobe da safe in ta ga motar ta dawo daidai, magana ta ƙare. Haka na gaya wa maigidana. Ya dube ni kawai, bai yi tsokana ba, wannan kuma ya fi tsokanar ciwo.

Ƙarfe bakwai na safe ina ƙofar gidan Mama. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabciyar nan ta jiya tana shara, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ta tafi tun ɗazu."

A hanya na cim mata, ta wuce gonakin bakin gari. Ga ta nan a sabon zanin da na kawo, kwandon masara a ka, takalmi a hannu, tana jan ƙafar hagu. Na rage gudu na sauke gilashi.

"Mama, ina kwana."

"Lafiya lau, Malama. Kin tashi lafiya?"

"Mama, ki shigo. An gyara, dubi, babu komai."

Ta juyo da kwandon a hankali ta duba. "Kai, ta yi kyau. Madalla." Ta ci gaba da tafiya.

Na tsaya, na fito, na sha gabanta, na durƙusa a bakin hanya da kayan cocina. Na ce ta yi haƙuri, na ce sharrin zuciya ne, na ce don ita na saya. Na miƙa hannu in sauke mata kwandon, ta riƙe shi.

"Na yafe miki tun jiya," in ji ta. "Tashi, kina ɓata zaninki. Ƙafata duk laka ce, kwandon nan kuma yana da tsini. Je ki, kada ki makara."

Ta ratse ta cikin ciyawa, ta zagaye motar da nisa don kada kwandon ya kusance ta, ta koma kan hanya.

Raina ya sake ɓaci, in faɗi gaskiya. Na ji kamar in ɗauke ta cak in jefa a kujera. Wane irin taurin kai ne wannan? Na ba da haƙuri, na durƙusa, me kuma ake so in yi? Amma na san daga inda na gado nawa taurin kan. Na koma mota na bi ta a baya, a giya ɗaya, tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa. 'Yan acaba suna ta hon suna zagina, masu tafiya coci suna waiwaye. Haka muka shiga Samaru, ita a gaba, ni a baya cikin mota mai sheƙi, kujerar gaba ba kowa. Da muka isa ta zagaya bayan coci wajen famfo. Na bi ta da gudu na karɓi takalmin, wannan kam ta bar mini. Na tsaya riƙe da shi tana wanke ƙafa.

Bayan sujada fasto ya fito da jama'a aka kewaye motar. Ya ce kowa ya ɗora hannu a yi addu'a. Matan zumunta suka dube ni, na ce su ɗora. Zobba, awarwaro, hannun yara mai maiƙon ƙosai, duk suka sauka a kan fentin, ban ce uffan ba. Fasto ya ce, "Ina Mama? Mama, matso, ke ce ta farko." Mama ta matso har gaban bonet, ta rufe ido, ta yi addu'a mai tsawo, ta sa wa motar albarka, ta sa mini. Hannuwanta suna baya.

Shekara tara motar ta yi a hannuna. Kafin shekara ta zagayo wani ɗan acaba ya zane ta tun daga ƙofar gaba har baya, rana ta cinye rufin, awaki suka ci nasara, na daina sa mata riga. Mama ta shiga motar daga baya, da gwiwar ta ƙi gaba ɗaya, ba yadda za ta yi. Na kai ta asibiti, na kai ta coci, na kai ta biki. Na ba ta haƙuri ya fi sau nawa, kullum amsar ɗaya ce, ai ya wuce, Malama. Amma duk ranar da na je ɗaukarta, sai ta zo ta tsaya a gefen ƙofa, hannu a baya, tana jira. Sai na kashe mota, na fito, na zagayo, na buɗe mata. In ta zauna ta tattara hannuwanta a cinya. In mun isa ta jira in sake zagayowa.

Mutanen Bomo suna nuna ni ga 'ya'yansu. Suna cewa ku dubi Malama, da girmanta da iliminta, ba ta taɓa barin mahaifiyarta ta buɗe ƙofar mota da kanta ba. In sun faɗa a gabanmu, Mama sai ta yi murmushi ta ce, "Ai Malama akwai ladabi." Ni kuma in rufe ƙofar, in zagaya in shiga.